Aron Suna Wajen Neman Bashi

Kowace shekara ɗalibai da ma'aikatan gwamnati na ƙasar nan suna tafiya Amurka neman ƙarin ilmi, waɗansu da kuɗin iyayensu, waɗansu kuwa gwamnatocin jihohinsu ne ke ɗaukar nauyinsu. Kafin mutum ya cika wata guda da sauka yakan ci karo da wata matsala wadda ba wanda ya gaya masa ita a wurin neman biza. Idan ya je neman gidan haya, sai mai gida ya ce sai ya duba tarihinsa na biyan bashi tukuna. Idan ya nemi a ba shi wutar lantarki, ko ya so karɓar wayar hannu ya riƙa biya sannu a hankali, kamfani zai nemi wannan tarihi, in babu sai a ce ya ajiye kuɗin jingina. Shi kuwa baƙo ba shi da tarihin komai, domin huldar da ya yi da bankinsa na Kano ko Kaduna galibi ba ta tsallake teku tare da shi. A nan ne 'yan'uwan da suka riga shi zuwa sukan ba shi shawara ya sami wani amintacce ya sa sunansa a cikin katinsa na bashi, domin ya ci albarkacin kyakkyawan tarihin mai katin.

Wannan shawara tana da amfani, kuma dokar ƙasar ta yarda da ita. Amma ra'ayin wannan jarida shi ne, wajibi ne duk mai niyyar binta, da wanda za a roƙa ya ba da aron sunansa, su san iyakar abin da take iya yi da kuma inda take iya jefa su, tun kafin a kai ga yin da na sani. Magabata sun ce kayan aro ba ya rufe katara, suna kuwa yana cikin kayan da ake ara.

Da farko ya kamata a fahimci yadda ake auna mutum a can. Akwai manyan kamfanoni uku, watau Equifax da Experian da TransUnion, waɗanda aikinsu shi ne tattara labarin bashin jama'a daga bankuna da sauran masu ba da rance. Kowane wata banki yakan aika musu da bayanin yaushe aka buɗe asusu, nawa ne iyakar abin da aka yarda mai shi ya ci, nawa ake binsa, kuma ko ya biya a kan kari. Daga wannan bayani ake fitar da maki. Ma'aunin da ya fi shahara shi ne na kamfanin Fair Isaac, wanda aka kafa a 1956, ya kuma fito da makin da ake kira FICO a 1989. Makin yana kamawa daga 300 zuwa 850. Bisa ga bayanin kamfanin da kansa, kashi 35 cikin ɗari na makin yana fitowa ne daga biya a kan kari, kashi 30 daga yawan abin da ake bin mutum, kashi 15 daga daɗewar tarihinsa, sa'an nan kashi 10 daga sababbin basussukan da ya nema, da kashi 10 daga ire-iren bashin da yake da su. Ba a fitar wa mutum makin sai yana da asusu aƙalla ɗaya wanda ya yi wata shida da buɗewa. Ashe ke nan baƙo da matashi suna cikin tsaka mai wuya: ba a ba su bashi sai da tarihi, tarihi kuma ba ya samuwa sai an ci bashi. Ga ɗalibi mai ƙarancin shekaru ma abin ya fi tsanani, domin wata doka ta 2009 ta hana bankuna ba wanda bai kai shekara 21 ba katin bashi, sai in ya nuna yana da abin biya na kansa ko kuwa wani babba ya tsaya masa.

Hanyar da ake magana a kanta tana da sauƙi. Mai katin bashi yakan gaya wa bankinsa ya ba wane izinin yin sayayya da asusunsa. Banki sai ya buga wani kati da sunan wanda aka ba izinin. Shi mai izini yana iya sayen kaya da katin, amma bai sa hannu a yarjejeniyar bashi ba, saboda haka a ƙa'ida banki ba ya binsa ko anini. Duk abin da aka kashe yana wuyan mai asusun. Ya kamata a lura da wannan da kyau, domin mutane da yawa sukan haɗa shi da waɗansu abubuwa biyu da suka sha bamban da shi. Wanda ya buɗe asusun haɗin gwiwa da wani, su biyun duka ake bi bashin. Wanda ya tsaya wa wani, watau ya yi masa lamuni, shi za a kama idan mai bashin ya kasa. Mai izini kuwa ba ya cikin ko ɗaya daga cikin waɗannan. Duk da haka, yawancin manyan bankuna sukan aika da labarin asusun zuwa takardar tarihinsa, sau da yawa har da shekarun da asusun ya yi kafin a sa sunansa.

Mai karatu zai yi mamakin yadda za a rubuta wa mutum tarihin bashin da bai ci ba. Asalin abin adalci aka nufa da shi. Kafin shekarar 1974, matar aure a Amurka takan yi shekara da shekaru tana amfani da asusun da ke ɗauke da sunan mijinta kaɗai, wani lokaci ma da albashinta ake biya. Ranar da mijin ya rasu ko aure ya mutu, sai ta wayi gari ba ta da wani tarihi a idon banki, kamar ba ta taɓa riƙe kwabo ba. A 1974 Majalisar Dokokin Amurka ta kafa dokar daidaita jama'a wajen samun bashi, wadda ta hana nuna bambanci saboda jinsi ko aure, aka kuma faɗaɗa ta a 1976 ta haɗa da launin fata da addini da asali da shekaru. Ƙa'idojin da Babban Bankin Amurka ya tsara a ƙarƙashin dokar sun wajabta cewa asusun da aka buɗe daga 1 ga Yuni, 1977, in miji ko mata na da izinin amfani da shi, to a rubuta labarinsa da sunan su biyun. Da yake bankuna ba su damu da rarrabe wane ne abokin aure wane ne ba shi ba a cikin bayanin da suke aikawa, sai suka riƙa aikawa da na kowane mai izini. Ta haka ƙofar da aka buɗe wa matan aure ta zama ta 'ya'ya da ƙanne da abokai, daga bisani har ta zama ta wanda ba a taɓa gani ba.

Misali ɗaya zai nuna ƙarfin abin. A ce ɗalibi yana da ƙaramin kati mai iyakar dala 500, ana binsa dala 250 a kai. A idon ma'auni ya cinye rabin abin da aka yarda masa, wannan kuwa alama ce ta wanda ke cikin matsi. A ce kuma kawunsa yana da katin da ya buɗe shekara 12 da suka wuce, mai iyakar dala 10,000, ana binsa dala 1,000 kacal, bai taɓa makara wajen biya ba. Da zarar an sa sunan ɗalibin, sai jimlar iyakarsa ta zama dala 10,500, abin da ake bi kuma dala 1,250, watau wajen kashi 12 cikin ɗari maimakon kashi 50. Har ila yau tarihinsa da bai wuce 'yan watanni ba sai ya sami tsohon asusu mai tsabta a cikinsa. Manyan ginshiƙan makin guda uku, waɗanda suka tashi kashi 80 cikin ɗari, duk sun motsa ba tare da ya biya ko sisi ba. Ba lalle ne ma a miƙa masa katin ba. Kawun yana iya kulle shi a akwati, sunan kaɗai ya isa.

To, amma igiyar da ke jawo mutum sama ita ce ke jawo shi ƙasa. Idan kawun nan ya shiga hidimar biki ko jinya har abin da ake binsa a katin ya kai dala 9,000, lissafin ɗalibin zai tashi zuwa kashi 88 cikin ɗari a wata guda. Idan kawun ya yi kwana 30 bai biya ba, banki zai kai rahoto, kuma tabon yana iya bayyana a takardar ɗalibin da bai san hawa ba bai san sauka ba. Tabon makara irin wannan doka ta yarda ya zauna shekara bakwai a takardar mai asusu. Sauƙin da mai izini yake da shi shi ne yana iya neman banki ya cire sunansa, ya kuma nemi a share asusun daga takardarsa. Sai dai ranar da aka share, duk albarkacin da ya ci yana tafiya tare da shi, ya koma inda ya fara. Haka kuma abin yake idan zumunci ya yi tsami mai katin ya cire shi don kansa, domin ba ya bukatar yardarsa.

Haɗarin mai ba da aro ma ba ƙarami ba ne. Duk abin da mai izini ya saya, shi doka ta sani. Idan yaro ya ga kati a hannunsa ya shiga kanti ya yi abin da ya ga dama, banki ba zai saurari cewa an yi alkawari a gida ba. Mai asusu ne zai biya, in ya kasa kuwa sunan da ya yi shekaru yana ginawa shi zai zube. Ba a rasa gidajen da irin wannan ta raba wa da ƙane. Saboda haka wanda aka roƙa ya ƙi, bai kamata a ɗauke shi marowaci ba.

Kamar yadda aka saba, inda duk aka ga ƙofar samu, 'yan kasuwa ba sa barinta. A shekarun da suka gabaci rikicin bashin gidaje na 2008, kamfanoni sun fito a intanet suna dillancin suna. Mai kyakkyawan kati yakan karɓi 'yan kuɗi ya yarda a sa sunan wanda bai sani ba a asusunsa na ɗan lokaci, shi kuma mai sayen ya biya dillali ɗaruruwan daloli ko fiye. Ba a ba shi kati, ba a gaya masa lambar asusu. Hayar tarihi kawai ya yi, ya je ya karɓi bashin mota ko na gida, sa'an nan a cire shi a sa wani. A 2007 kamfanin Fair Isaac ya sanar cewa sabon ma'auninsa zai daina lissafa asusun mai izini gaba ɗaya. Sai aka tuna masa da dokar 1974 da miliyoyin matan aure waɗanda hakan zai cutar, ya janye a 2008. Ma'aunin da ya fito a 2009 ya ci gaba da lissafa irin wannan asusu, tare da wata dabara da kamfanin ya ce tana rage tasirin na haya. A 2010 masana uku na Babban Bankin Amurka, Robert Avery da Kenneth Brevoort da Glenn Canner, sun bincika al'amarin, suka gano cewa hayar suna tana iya ɗaga maki sosai, musamman ga wanda tarihinsa gajere ne ko bai taka kara ya karya ba. A 2020 kuma Hukumar Kula da Ciniki ta Tarayya ta kai ƙarar wani kamfani na jihar Kolorado mai wannan sana'a, bisa zargin yaudarar jama'a da karɓar kuɗi tun kafin a yi aiki. Ɗalibin da ya ga tallar irin waɗannan kamfanoni ya kamata ya kauce. Zai miƙa lambarsa ta shaidar ɗan ƙasa ko ta zama ga wanda bai sani ba, kuma idan ya yi amfani da makin haya ya ruɗi banki, yana iya faɗawa cikin tuhumar zamba, abin da zai iya kawo ƙarshen karatunsa da zamansa a ƙasar.

Akwai wani gefen da ya fi wannan bukatar tunani. A 2017 hukumar Amurka mai kare haƙƙin masu hulɗa da bankuna ta fitar da rahoto a kan yadda mutane ke fara samun tarihin bashi. Ta gano cewa wajen kashi 15 cikin ɗari sun fara ne da asusun da suka buɗe tare da wani, kashi 9.6 kuma ta hanyar zama masu izini a katin wani. Watau kusan mutum ɗaya cikin huɗu da taimakon wani ya shiga. Rahoton ya ƙara da cewa wannan taimako ya fi ƙaranci a unguwannin talakawa. Ma'anar wannan a fili take. Ɗan mai hali yakan kai shekara 18 da tarihin shekaru a aljihunsa, domin waɗansu bankuna suna yarda a sa yaro tun yana shekara 13, waɗansu ma ba su sa iyaka ba. Ɗan talaka da baƙo kuwa da farar takarda suke farawa, su biya ruwa mai yawa a kan ƙaramin bashi. Ma'aunin da aka ce yana auna halin mutum shi kaɗai, ashe wani ɓangare nasa gado ne.

Masu ba da manyan basussuka sun san da haka, shi ya sa ba sa tsayawa ga maki kawai. Kamfanin Fannie Mae, wanda ke sayen bashin gidaje daga bankunan Amurka, ya tsara cewa idan ma'aikaci ne ke duba takardun mai nema da hannu, ba a lissafa masa asusun da yake mai izini a kai, sai in na abokin aurensa ne, ko na wanda suke neman bashin tare, ko kuwa ya kawo shaidar cewa shi kaɗai ya yi ta biya har wata 12. A wurin da abin ya fi muhimmanci ke nan, sai a tuɓe masa rigar aro a dubi tasa.

Bahaushe bai kamata wannan magana ta zame masa baƙuwa ba, domin fataucinsa a kan aron suna ya ginu. A unguwar Sabo ta Ibadan, kamar yadda masani Abner Cohen ya bayyana a littafinsa na 1969, falke yakan kawo shanu daga Arewa ya sauka a gidan maigida, dillalan maigida su sayar wa mahauta bashi, maigida kuma ya ɗauki lamuni. Falken bai san mahaucin ba, amma ya san maigida. Abin lura shi ne, maigida ba ya tsaya wa mahauci sai ya san cinikinsa da halinsa, kuma in mahaucin ya gudu, shi zai biya daga aljihunsa. Sani da ɗaukar nauyi su ne suka riƙe wannan tsari. A tsarin katin bashi kuwa, idan mai izini ya ɗauki makin da ya samu ya je wani banki ya ci bashin mota, mai katin da ya ara masa suna bai tsaya masa a kan wannan bashi ba, bai ma san an yi ba. Suna ya tafi, nauyi bai bi shi ba. A nan ne raunin abin yake, kuma shi ya sa ba zai taɓa zama madadin tarihin da mutum ya gina da guminsa ba.

Darasin bai tsaya ga masu tafiya waje ba. A watan Mayu na 2017 aka sa hannu a dokar tattara bayanan bashi ta Nijeriya, wadda ta ba kowane mutum damar karɓar takardar tarihinsa kyauta sau ɗaya a shekara daga kamfanonin da Babban Bankin Nijeriya ya ba lasisi, irin su CRC da FirstCentral da CreditRegistry. A 2020 Babban Bankin ya ba bankuna ikon cire bashin da mutum ya ƙi biya daga asusunsa na wani banki. A 2024 Gwamnatin Tarayya ta kafa kamfanin CREDICORP domin faɗaɗa bashin sayen kayan bukata, aka fara da ma'aikatan gwamnati, a shekarar kuma asusun ba ɗalibai rance na NELFUND ya fara aiki. Ke nan ma'aikaci da ɗalibi, su ne sahun gaba a cikin wannan sabon tsari. Ya kamata Babban Bankin ya tabbatar cewa a cikin kowace takardar tarihi an rarrabe a fili tsakanin wanda ya ci bashi, da wanda ya tsaya masa, da wanda aka ba izinin amfani da kati kawai, domin rashin wannan rarrabewa ne ya buɗe kasuwar hayar suna a Amurka. Ya kamata kuma a riƙa lissafa wa talaka biyan kuɗin haya da na lantarki da na ƙungiyar taimakon juna, don kada ya zamana sai mai uba a gindin murhu ne ke samun shiga. Hukumomin ba da tallafin karatu na jihohi su ma wajibi ne su sa wannan bayani a cikin jawabin da ake yi wa ɗalibai kafin su tashi.

Ga wanda ya yanke shawarar bin wannan hanya, sharuɗɗan ba su da yawa. Ya zaɓi wanda ya san halinsa wajen biya, katin kuma ya zama tsoho ne wanda ba a cika ci a kansa ba. A tambayi banki ko yana aika labarin mai izini ga kamfanonin nan uku, domin in ba ya aikawa, wahalar banza ce. A yi magana a fili a kan ko za a miƙa katin, da nawa za a kashe, da ranar da za a biya. Mafi muhimmanci, cikin 'yan watanni ya nemi nasa na kansa, ko da irin katin nan ne da ake ajiye dala 200 ko 300 jingina kafin a bayar, ya riƙa ƙaramar sayayya yana biya duka kafin wa'adi. Wanda ya biya duka a kan kari ba a ɗora masa ruwa a kan sayayyarsa, makinsa kuma ba ya bukatar ya bar saura. Masu gudun riba saboda addini sai su lura da wannan, su kuma nemi fatawar malamansu a kan ita kanta yarjejeniyar kafin su sa hannu.

An ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. Abin da ke bambanta mutane shi ne yadda suke biya, wannan kuwa ba wanda zai iya yi wa wani. Ɗan'uwa yana iya riƙe wa ɗan'uwansa ƙofa har ya shiga, kuma ya cancanci godiya a kan haka. Amma ɗalibi ko ma'aikacin da ya yi shekara guda a ƙarƙashin sunan wani bai buɗe nasa ba, ya sani cewa ranar da mai kaya ya karɓi kayansa, da abin da ya gina da hannunsa kaɗai za a auna shi.